Doguwar Hanya Zuwa Sabon Gari

Fagge, Kano
Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Yaya Waliu,

Assalamu alaikum. A ɗakin Iya nake rubuta maka wannan, bayan na idar da la'asar. An ɗauke ruwa bai daɗe ba, wuta kuwa tun safe ba a kawo ba. Baba da Iya suna shago a kasuwar Sabon Gari, sai shida za su dawo. Na zaɓi imel ne don yanzu dare ya yi a wajenku, idan kuma na bari sai da safe na kira ka Baba zai ji muryarka, ya karɓe wayar ya shiga tambayarka farashin allurar keken ɗinki, ni kuma maganar da zan yi ba ta gabansa ba ce.

Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Guangzhou? Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Iya ta yi sauƙi. Kekunan ɗinkin da ka turo sun iso shago lafiya. Sakamakona ya fito yadda nake so, yanzu kiran bautar ƙasa nake jira.

Ga maganar. Zan faɗi abin da na gani da idona da abin da aka faɗa a gabana kawai.

Ranar Laraba na raka Baba asibitin ido, don ya ce gilashinsa ya tsufa. Ashe ba gilashi ba ne. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa. Abin da ke gabansa sak yana gani, amma gefe da gefe ya rufe, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na tambaye ta ko zai dawo. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sauran yake tsarewa. Sai ta tambaye shi ko yana tuƙi. Ya ce, "Kaɗan-kaɗan." Kai ka san kaɗan-kaɗan ɗin nan, kullum ne safe da yamma. Ta ce ya daina. Ya ce, "To, likita," da irin muryar da yake ce wa mai neman ragi "to". Da muka fito ya ce kada na tayar wa uwata hankali.

Yau da safe na ce su rage mini hanya, na zauna a baya. Yaya, ashe Iya ta riga mu sani. Tana gaba kusa da shi tana ba shi labarin bikin da za a yi a gidan su Anti Fausat, da Yarabanci, sai ta tsinke maganar ta ce, "Alhaji, mai baro a hagu." Ya ɗan kauce. Ta ɗora daga inda ta tsaya. Can kuma, "Adaidaita zai shigo ta dama, bar shi ya wuce, ba shi da tarbiyya." Ya taka birki. Haka suka yi ta yi, ko canza murya ba ta yi, shi kuma bai taɓa tambayarta "ina?" ba. Wannan ba abin mako ɗaya ba ne.

A bakin kasuwar Singa wayarta ta yi ƙara, ta sunkuya tana lalube a jaka. Daidai nan wani mai kurar ruwa ya fito ta dama. Ni na gan shi, amma kafin bakina ya buɗe madubi ya daki jarka. Madubin ya karye, jarka biyu sun faɗi. Mutumin bai ji ciwo ba, na duba shi da kyau, na kuma sake tambayarsa. Baba ya fito ya ba shi haƙuri, ya biya shi ruwansa, ya dawo yana cewa masu kura ba sa duba gabansu. Iya ta kashe wayar gaba ɗaya ta cusa a ƙasan jaka.

Akwai wani abu da ban gane ba. Daga ƙofar gida zuwa shago, idan aka miƙe ta mahaɗar Bata, bai kai kilomita biyu ba. Amma Baba sai ya bi Titin Ibrahim Taiwo, ya zaga ta wajen tashar jirgin ƙasa, sannan ya dawo ta Singa. Sai da muka yi kusan minti arba'in. Na tambaya, ya ce cunkoso yake gudu. Cunkoson da muka shiga ya fi wanda muka guda.

Ban san abin yi ba. Dole a raba Baba da tuƙi kafin ranar da ba jarka za a buge ba. Ka yi tunani, ni ma ina yi, sai mu yi shawara. Bai san na gaya maka ba.

Ƙanwarka,
Azeezat

*

Guangzhou
Alhamis, 10 ga Yuli

Farfesa Azeezat,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai zafi da shinkafa ba yaji. Barka da sakamako, Allah ya sanya albarka. Na karanta wasiƙarki a tsaye, har da ƙarfe huɗu da kwata. Saura ki rubuto mini lambar jarkar.

Wasa nake, amma gabana ya faɗi. Allah ya tsare gaba.

Kin san a ina na karanta ta? A cikin motar da ba direba. Wallahi. A wasu unguwannin nan akwai su, a waya ake kira, ta zo ta tsaya, ka shiga baya. Kujerar direba wayam, sitiyari yana juya kansa. Ranar da na fara shiga, Ayatul Kursiyyu na yi ta ja har muka isa, ƙafata tana taka birkin da babu. Yanzu kuwa na saba. Idan zan je sito wajen kaya, a ciki nake amsa saƙonnin 'yan kasuwar Kwari, na duba takardun kwantena, wani lokaci na yi barcina. Lokacin da hanya ke cinye mini ya dawo hannuna. Ba abin da kika rubuta a aikinki na kammala digiri ba ke nan, cewa zaman mota asara ne?

Na yi ta tunanin a kawo irinta Kano. Da ta iso Bata za ta tsaya tana jiran 'yan adaidaita su ba ta hanya, ta yi ta jira da ladabi har a kira azahar, a ƙarshe wani ya jingina tiren mangwaro a kanta. Saboda haka mu tamu motar mai tuƙa kanta ita ce direba. Baba ya koma baya ya miƙe ƙafa kamar sauran alhazai, ya ja carbinsa, ya saurari labarai. Iya ta huta da aikin ɗan sandan hanya. Shekararsa sittin da takwas, ya isa a tuƙa shi.

Zagayen da yake yi kuwa tsufa ne kawai, hanyar da ya saba tun muna firamare.

Ki kwantar da hankalinki, ki bar mini wannan. Ki gaida Iya, ki ce mata dakakken barkonon da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Yayanki,
Waliu

*

Fagge
Litinin, 21 ga Yuli

Yaya Waliu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Jikin kowa a nan lafiya, Baba yana ɗiga magani a kan lokaci. Sauran ba lafiya ba.

Na ce maka mu yi shawara. Na koma na duba abin da na rubuta, yana nan a layin ƙarshe. Da ka ce a bar maka, na ɗauka magana za ka yi da shi.

Litinin da ta wuce Baba ya fito da makulli a hannu, telolin layinmu sun buɗe shaguna, Malam Sabo mai shayi yana nan da mutanensa. Sai ga wani mutum ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce da ƙarfi, "Sunana Ari. Alhaji Waliu ne ya turo ni daga Chana, ya ce idonka ya samu matsala, ni zan riƙa tuƙa ka." Kekunan ɗinki suka tsaya. Baba bai kalli kowa ba sai ni, kuma sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni a bakin zaure. Ya ce wa mutumin, "Sannu da zuwa." Ya miƙa masa makulli, ya buɗe baya ya shiga.

Ba na so ka ɗauka laifin Malam Ari ne. Dattijo ne mai natsuwa, tuƙinsa ba abin kushewa, ya gyara madubin a ranar. Na bi su don na gani. Ya miƙe ta Bata, kafin a ce me mun isa. A hanya Iya ta so ta saki ran Baba, ta yi masa wata tsokana da Yarabanci a kan hularsa. Malam Ari ya tuntsire da dariya, ya mayar mata da amsa da Yarabanci tsantsa, ya ce ai shekara goma sha ya yi yana jan bas a Legas. Shi ya ɗauka zumunci ya yi. Daga nan ba wanda ya ƙara cewa uffan. Baba bai ja carbi ba, bai ce a kunna rediyo ba. Ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon ƙeyar direba.

Kwana uku aka yi haka. Ranar Alhamis ya ce shi ba shi da abin yi a kasuwa, Iya ta je ta buɗe. Tun daga ranar bai fita ba sai masallaci. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi shago ba. Abinci yana taɓawa ya ture. Ni kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Idan na kawo maganin ido sai ya ce na ajiye, zai saka da kansa, rabi yana zuba a kumatu.

Sannan ka gyara wani abu. Ban rubuta cewa zaman mota asara ba ne. Na rubuta cewa haka masu tsara hanyoyi suka saba lissafa shi. A binciken da na karanta, da aka tambayi mutane me za su yi idan mota ta tuƙa kanta, wasu sun ce aiki, wasu barci ko waya, da yawa kuma sun ce hanya za su ci gaba da kallo. Ban ga inda aka tambayi wanda aka karɓe wa sitiyari ba da sonsa ba.

Na san alheri ka nufa. Ni ce na fara kai ƙara, ba kai kaɗai ba ne. Amma ka kira shi, don Allah.

Azeezat

*

Fagge
Asabar, 2 ga Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Shiru. Ba amsa, ba kira, wayarka ba ta shiga. Idan fushi ne ka faɗa, idan rashin lafiya ne ka sa wani ya sanar da mu. Iya ta fara tambaya, na ce kana masana'anta, ban kuma san ko gaskiya na faɗa ba.

Baba yana nan yadda yake. Ya rame, wuyan rigarsa ya nuna.

Shekaranjiya na rasa abin da zan ja shi da hira, sai na nuna masa bidiyon da ka taɓa turowa na motar nan da ba direba. Ya kawo wayar dab da fuskarsa, ya kalla har ƙarshe, ya ce na maimaita. Ya ce, "Ba kowa a gaba?" Na ce babu. Ya ce, "Daga mutum sai wanda ya shiga da shi?" Na ce eh. Wallahi sai na ga fuskarsa ta saki, rabon da na ga haka tun zuwan Malam Ari. Ya ce, "To wannan ita ce mota. Yaushe za ta zo Kano?" Na ce ban sani ba, kuma ba na jin nan kusa ne. Sai ya ce, "Wa ke jin abin da ake faɗa a ciki?" Da na iya ƙarya da na ce ba kowa. Na ce a yadda na karanta akwai kyamara a ciki, kuma akwai ma'aikata a ofis da ake iya magana da su, amma ban san ko suna saurare kullum ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ashe ita ma da kunne."

Na kai wa Iya wannan maganar muna tsince wake. Sai ta ce, "Ku da kuka yi boko, ku duba gidan nan mana. Ɗaki nawa ne ba 'yan haya? Tsakaninmu da Maman Ifunanya katako ne, idan na yi atishawa ita ke ce mini sannu. A shago ga yara ga masu ciniki. A ina kuke so na yi magana da mijina?"

Ta ce tun da ya sayi motarsa ta farko, duk wata magana mai nauyi a mota suka yi ta. Sunana a mota aka zaɓa. Tafiyarka Chana, wadda muke zaton Baba ya amince da ita cikin dare ɗaya, ta ce mako biyu suka yi suna faɗa a kanta, wata rana har filin jirgi suka kai suka juyo ba su sani ba. Ta ce, "A gida shi Alhaji ne, a kasuwa Oga. A mota kaɗai nake iya ce masa ba shi da gaskiya, ya kuma ji."

Na ce amma Iya, kin san zai iya kashe mutum. Ta ce ta sani, tun azumin bara take kwana da wannan. Ta ce ranar mai kurar nan da ta dawo gida sai da ta yi amai. "Ban ce a mayar masa da makulli ba. Na dai gaya miki abin da kuka karɓa."

Na yi shekara huɗu ina koyon yadda ake gajarta wa mutane hanya, Yaya. Ban taɓa kawo wa raina akwai mai ƙara wa tasa tsawo da gangan ba.

Ka amsa, ko layi ɗaya ne.

Azeezat

*

Guangzhou
Asabar, 9 ga Agusta

Azeezat,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ki gaya wa Iya. Gaskiya kika faɗa mata, na je masana'anta a wani gari. Amma mako ɗaya na yi. Sauran kunya ce. Na buɗe wasiƙarki ta 21 ga Yuli na ji haushi, na ce yarinyar nan ta kira ni kashe gobara kuma tana ƙorafin na jiƙa tabarma. Da ta bayanta ta zo sai na gane laifina.

Na tuna muna yara, idan ya sauke mu a makaranta, nakan ga motar ta yi hanyar da ba ta kasuwa ba. Ni a zatona mai yake nema.

Jiya na shiga motar nan na lura da kaina. Saƙo biyu na amsa, sauran hanyar tagar na yi ta kallo. Ba mai cewa "ya gida", ba mai zagin gwamnati, ba mai tambayata ko ni ɗan Ghana ne. Da a ce Malam Ari ne a gaba da na ji daɗi. Kin ga ni kunne nake nema, Baba kuma gudunsa yake, na ɗauki maganina na ba shi.

Na kira shi yau bayan asubarku. Na ba shi haƙuri a kan yadda aka yi abin a gaban mutane. Ya ce, "Ba komai." Na ce amma ba zan ce ya koma tuƙi ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Sai ya shiga faɗan cewa bel ɗin keken ɗinki da na turo na ƙarshe ba su da ƙwari. Na ji sanyi, tunda har ya yi faɗa.

Malam Ari zai koma jan motar kaya ta wani abokina a Singa daga farkon wata, ba zai rasa aiki ba. Amma sai an samu mafita tukuna. Ga shawara, kuma shawara ce, ban turo kowa ba: ki koyi tuƙi, ki riƙa kai su, ki toshe kunnenki da abin jin waƙa. Ko kuwa?

Ki riƙa saka masa maganin da kanki ko ya ƙi.

Waliu

*

Fagge
Litinin, 13 ga Oktoba
Ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yaya Waliu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau. Na san mun yi waya sau da yawa, kuma duk lokacin da ka tambayi maganar mota ina cewa "ana nan". Ka yi haƙuri. Iya ce ta sa na yi alkawari, ta ce idan Chana ta ji, Fagge ta ji. Yau ta sake ni.

Na kai mata shawararka tun a watan Agusta. Ta ce, "Ke? Ko auduga kika cusa, da ido za ki ji, ki rubuta wa yayanki har da ƙarfe nawa." Ta kuma ce nan da 'yan watanni za a tura ni wata jiha, sai a koma gidan jiya.

Ashe ita da Madam Monica, mai shagon zare da maɓalli kusa da namu, sun riga sun gama magana. Ranar Lahadi, idan Madam ta taso daga coci, sai ta zo da motarta ta ɗauki Iya wai za su dubiya. Wani fili suke zuwa a bayan Sabon Gari, tana koya wa Iya tuƙi. Daga baya Iya ta shiga makarantar koyon tuƙi sosai, ni na raka ta aka gwada idonta, ta yi jarrabawa. Ta farko ta faɗi a wajen ja da baya, ta hau dutsen gefen titi. Ta biyu ta ci. Na riƙe takardar a hannuna na karanta ta sau biyu.

Saura Baba. Da ta gaya masa sai ya ce, "Iya Waliu, ki tuƙa ni a Fagge? Telolin nan su ɗinka mini riga da maganar?" Ya ce ba zai shiga ba. Ranar Asabar Madam Monica ta zo har gida, ta tsaya a tsakar gida da jakarta a hammata, ta ce, "Oga Raji, wane irin magana ne wannan? Tun bara ita ke tuƙa ka, kai sitiyari kawai kake riƙewa. Yanzu ta ce ka huta da riƙon, shi ne za ka yi mana yanga? Masu ciniki kullum suna tambaya ko ka mutu, ni na gaji da cewa a'a." Baba ya ce, "Monica, bakinki ya fi almakashinki kaifi." Ta ce, "Shi ya sa ba na sayar da shi." Ya yi dariya har da tari. Bai ce eh ba. Amma jiya da yamma ya aike ni na karɓo masa babbar rigarsa daga wajen mai guga, ya kuma kwantar da kai ya ce na zo na ɗiga masa magani, hannunsa ya gaji da ɓarna.

Yau da safe suka fito tare. Telolin suna nan, Malam Sabo yana nan. Baba ya zaga da kansa ya buɗe mata ƙofar direba, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Hajiya, bismillah. A kula da kayan da aka ɗauko, mai tsada ne." Wani ya yi tafi daga cikin shago. Ya shiga gaba ya ja bel.

Ni kuwa sai na tari adaidaita na ce ya bi su a hankali. Tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ana ta yi mata hon, ba ta kula ba. Ta gilashin baya ina hango hannun Baba yana nuna mata nan yana nuna can, ita kuma tana ture hannun. Ba mu yi nisa ba sai ta kunna sigina, ta gangara gefe ta tsaya, ta sauke gilashi ta yafito ni. Ta ce, "Azeezat, tun daga bakin layi nake ganinki a madubi. Koma gida." Baba ya leƙo ya ce, "Ki gaya wa na Chana mun gode, mun samu direba." Ta ɗaga gilashi suka tafi.

Madam Monica ta kira ni da suka isa. Ta ce Baba ya shiga shago yana faɗan an canza wa kwalin allura wuri.

Abin da na tabbatar ke nan. Ga wanda ban sani ba:

Ban san ko maganin zai tsare sauran ganin nasa ba. Likita ta ce mu koma a watan gobe a sake gwaji.

Ban san yadda Iya za ta yi da Bata da yamma ba, lokacin da kowa ke tashi. Ta ce za su riƙa rufewa kafin biyar. Ban yarda Baba zai bi wannan ba.

Ban san ranar da gwiwarta za ta tashi wa zai kai su ba.

Ban san jihar da za a tura ni ba, balle wanda zai riƙa ɗiga masa magani.

Ban san ko motarka mai tuƙa kanta za ta zo Kano Baba yana da sauran gani ba, ko kuma zai yarda da ita idan ta zo.

Ban san ta ina suka bi ba bayan sun kore ni. Sun bar gida takwas saura, Madam ta kira ni tara ta wuce.

Ban san abin da suka faɗa a ciki ba. Ban tambaya ba, kai ma kada ka tambaya.

Ƙanwarka,
Azeezat